Tsohon Dogo ko Sabo: Wanne Ya Kamata Zazzagawa Su Nema Domin Zirga-zirgar Yau da Kullum?

A watan Maris na 2023 Shugaba Muhammadu Buhari ya sanya hannu a kan gyaran kundin tsarin mulki wanda ya cire harkar jiragen ƙasa daga jerin abubuwan da gwamnatin tarayya kaɗai ke da hurumi a kansu, ya ba jihohi damar shimfiɗa dogo da gudanar da jirgi a cikin iyakokinsu. Bayan wata biyu da 'yan kwanaki, a ranar 29 ga Mayu, aka janye tallafin man fetur, kuɗin mota daga Kwangila a Zariya zuwa Kawo a Kaduna ya tashi yadda kowa ya gani da idonsa. Waɗannan abubuwa biyu ne suka sa maganar jirgin ƙasa na jigilar ma'aikata da ɗalibai a Zariya ta tashi daga hirar tuna baya, ta zama batun da ƙungiyoyin ci gaban gari da 'yan majalisarmu za su iya kai wa gwamnati a rubuce. Sai dai wanda zai roƙi abu ya kamata ya san abin da yake roƙo, domin a gabanmu akwai dogo biyu, tsohon da ya ratsa Sabon Gari sama da shekara 100, da sabon da ake shimfiɗawa daga Kaduna zuwa Kano, kuma kowannensu yana da irin jirgin da ya dace da shi.

Fasinjan da nake magana a kansa ba mai tafiya Abuja sau ɗaya a wata ba ne. Ina nufin ma'aikacin da iyalinsa ke Tudun Wada alhali ofishinsa yana Kaduna, da ɗalibar da ke kwana a cikin birni tana ɗaukar darasi a Samaru, da ma'aikacin jinya da ke kama aikin safe a asibitin koyarwa na Shika, da mai sayen hatsi da ke bin kasuwar Giwa. Irin wannan fasinja yana hawa abin hawa da safe ya sake hawa da yamma, saboda haka abin da ya dame shi shi ne nisan tasha daga ƙofar gidansa, da tabbacin cewa jirgin ƙarfe bakwai zai tashi ƙarfe bakwai, da kuɗin da ba zai cinye albashi ba. Gudun jirgi yana zuwa ne bayan waɗannan.

Tsohon dogon ya zo mana ne daga Baro, a bakin Kogin Neja. An fara shimfiɗa shi a 1907 a zamanin Gwamna Percy Girouard, injiniyan jirgin ƙasa ɗan asalin Kanada, ya ratso ta Minna da Kaduna da Zariya ya isa Kano a 1911. A 1912 aka haɗe shi da layin Legas a ƙarƙashin hukuma ɗaya, ko da yake sai a 1916 aka gama gadar Jebba a kan Kogin Neja, kafin nan kuwa a kan jirgin ruwa ake tsallakar da taragai. Faɗin da aka zaɓa wa dogon, wato tazarar da ke tsakanin ƙarafansa biyu, ƙafa 3 da inci 6 ne, milimita 1,067, saboda ya fi araha wajen shimfiɗawa kuma yana iya shan kwana a inda faffaɗan dogo zai buƙaci a fasa dutse ko a cike kwari. Turawa ba su yi wannan aiki domin fasinja ba. Auduga suke hange, shi ya sa kamfanin audugarsu ya kafa injin gurza a Zariya, sai manoman Kano suka karkata ga gyaɗa, ita ce kuma ta cika taragai har ta yi yawan da jirgi ya kasa kwashewa a kan lokaci, aka riƙa jibge buhuna ana yin dala.

Abin da ya bambanta Zariya da sauran garuruwan da jirgi ya ratsa shi ne ta zama mahaɗa. Daga nan aka ja wani ƙaramin layi zuwa Jos da Bukur tsakanin 1912 da 1914 domin kwaso kuza, daga nan kuma aka ja reshen da ya bi ta gefen Samaru da Shika da Giwa, ya wuce Funtuwa da Gusau, ya tsaya a Ƙauran Namoda a 1929. Sabon Gari kansa a gindin tasha ya tsiro, da ma'aikatan reluwe da 'yan kasuwar da suka biyo jirgi daga Kudu, kuma a cikin kantunan kamfanonin Turawa da suka jeru kusa da tasha, na Paterson Zochonis ne ya bar wa unguwar PZ sunanta. Har yau hedkwatar shiyyar Arewa ta Hukumar Jiragen Ƙasa ta Najeriya, wadda aka kafa a 1955, tana Zariya, haka ma ɗaya daga cikin manyan wuraren gyaran injunanta. Ma'anar wannan ga batunmu ita ce garin ya girma ne a jikin tsohon dogo, unguwanni sun rungume shi ta kowane ɓangare, kamar yadda duk wanda ya san Hayin Dogo a Samaru zai shaida.

Labarin layin Jos ya cancanci a tsaya a kansa, domin shi ne hujja mafi ƙarfi da masu adawa da tsohon dogo za su iya kawowa, kuma a garinmu abin ya faru. Faɗinsa ƙafa 2 da inci 6 ne kacal, milimita 762, saboda haka taragonsa ba ya iya hawa babban layi. Duk buhun kuzar da ya sauko daga Jos ta Rahama da Dutsen Wai da Soba, sai an sauke shi a tashar Zariya, 'yan dako su ɗauka a ka su loda a wani tarago kafin ya kama hanyar teku. Da aka haɗa Jos da layin Gabas ta Kafancan a 1927, kuza ta sami hanyar zuwa Fatakwal kai tsaye ba tare da sauke-sauke ba, sai ƙaramin layin ya shiga ja da baya har aka rufe shi a 1957, aka tumɓuke ƙarafan. Wasu daga cikin kawunan jirginsa suna ajiye a gidan tarihi na Jos. Mai adawa zai ce abin da ya sami wancan layi shi ne ke jiran tsohon dogonmu da zarar sabon ya isa Kano, domin kaya za su koma inda ba sai an sauke su ba, kuɗin gyara kuma zai bi kaya. Wannan magana tana da nauyi, kuma zan dawo kanta.

Jiragen da suka yi aiki a kan tsohon layi sun sauya sau da yawa. Na farko masu kwal ne, kuma tun daga 1916 kwal ɗin daga Inugu yake zuwa, wanda ke nufin sai jirgi ya ɗauko abincin jirgi ya kawo Arewa, ga kuma buƙatar tankin ruwa a tashoshi, abin da ke zama wahala da rani. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu aka kawo wani rukuni na kawunan jirgi daga Ingila da aka raɗa wa sunayen kogunan Najeriya, su ne suka ja yawancin gyaɗa da audugar shekarun 1950. Masu amfani da man dizal sun fara shigowa a 1955 daga kamfanin English Electric, sannu a hankali suka ture masu kwal. Daga nan sai kowace gwamnati ta riƙa sayo nata daga inda ta ga dama, wasu daga Amurka, wasu daga Kanada, wasu daga Jamus ko Jafan ko Koriya, daga baya kuma daga ƙasar Sin. Wannan tarkace ya zama wa makanikan reluwe ciwon kai, domin kayan gyaran wannan ba ya shiga wancan, sai a wayi gari ana kwance inji ɗaya domin a tayar da wani. Duk wanda ya taɓa leƙa harabar gyara ta Zariya ya ga irin waɗannan kawunan jirgi a jere, an cire musu fitila da murfin inji, ciyawa ta fito ta tsakanin ƙafafunsu.

An yi yunƙurin ceto fiye da sau ɗaya. Ƙwararru daga Indiya sun riƙe ragamar hukumar daga 1979 zuwa 1982, gwamnatin Janar Sani Abacha ta ba kamfanin CCECC na ƙasar Sin kwangilar gyara a 1995, a 2010 aka kawo sababbin kawunan jirgi 25 daga kamfanin General Electric, a watan Disamba na 2012 kuma jirgin fasinja na Legas zuwa Kano ya dawo, yana cinye sama da awa 30 a tafiyar kilomita 1,126. Bayan haka zirga-zirgar ta riƙa tsayawa tana dawowa, ɓarayin ƙarfe kuma suka sami filin cin karensu babu babbaka a wuraren da jirgi ya daɗe bai bi ba.

Sabon dogon faɗinsa milimita 1,435 ne, wanda shi ne aka fi amfani da shi a duniya. Kashin farko da ya shafe mu, daga Idu a Abuja zuwa Rigasa a Kaduna, kilomita 186, an buɗe shi a watan Yuli na 2016. Na Legas zuwa Ibadan ya biyo baya a 2021, a watan Yuli na shekarar kuma aka aza harsashin na Kaduna zuwa Kano, mai tsawon kilomita 203, wanda zai ratsa ƙasar Zazzau, kuma a Kano ake sa ran ya haɗu da wanda zai bi ta Kazaure da Daura da Katsina da Jibiya zuwa Maraɗi. An shimfiɗa sabon dogon a kan matashin kankare da tsakuwa mai kauri, kwanoninsa masu faɗi ne, a wurare da yawa kuma titin mota yana bi ta samansa ko ta ƙarƙashinsa maimakon su gitta juna. An tsara shi domin gudun da ya kai kilomita 150 a awa, ko da yake jiragen da ke kansa ba sa kaiwa haka.

Kuskuren da aka fi yi wajen kwatanta layukan biyu shi ne a ɗauka cewa ƙarancin faɗi ne ya sa tsohon jirgi yake rarrafe. Yawancin jiragen da ke jigilar ma'aikata a birnin Tokiyo a kan milimita 1,067 suke gudu, daidai da dogon da ke Sabon Gari, haka ma na Jakarta a Indunusiya, na Afirka ta Kudu ma kusan faɗin ke nan. Lokacin da Jafan ta buɗe layinta mai tsananin gudu a 1964 ta yi shi ne a kan faffaɗan dogo, amma ba ta tumɓuke tsohon ba, ta bar masa aikin cikin gari da na kusa, ta ba sabon aikin nesa. Abin da ke hana tsohon jirginmu gudu shi ne ruɓaɓɓen katako a ƙarƙashin ƙarfe, da tsakuwar da ruwa ya kwashe, da kwalbatocin da suka toshe, da rashin na'urar ba da hannu, abubuwan da duk gyaruwa suke yi. Tsakanin Zariya da Kaduna kimanin kilomita 80 ne. Jirgin da ke tafiyar kilomita 60 a awa, da tsayawa a 'yan tashoshi, zai kai cikin awa ɗaya da rabi ko ɗan fiye, na sabon layi kuwa zai iya kaiwa cikin ƙasa da awa ɗaya. A nan sabon dogo ya yi rinjaye, kuma babu amfanin musun hakan.

Amma fasinja ba daga tasha zuwa tasha yake tafiya ba, daga gida zuwa wurin aiki yake tafiya. Layin da aka tsara domin gudu yana buƙatar miƙaƙƙiyar hanya, kuma biyan diyyar gidaje a tsakiyar gari yana da tsada, shi ya sa tashoshin sabon dogo suke faɗawa bayan gari: Idu tana gefen Abuja, Moniya tana gefen Ibadan, Rigasa kuma tana can yammacin Kaduna. Wanda ya sauka a Rigasa yana son zuwa sakatariya ko Kasuwar Bacci ko Kakuri, sai ya sake neman a-daidaita-sahu ko tasi, ya biya wani kuɗin, ya shiga cunkoson hanyar Rigasa, minti talatin ɗin da jirgi ya rage masa sun tafi a nan. Ga mai zuwa Abuja da jaka a hannu wannan ba komai ba ne, amma ga mai yin haka safe da yamma kwana biyar a mako lissafin ba ya fita. Tsohon layin kuwa yana shiga Kaduna ta Rigacikun, ya ratsa tsakiyar gari, ya tsallaka kogi zuwa babbar tashar da ke kudancinsa. A ɓangarenmu yana da tasha a Sabon Gari, tafiyar ƙafa daga kasuwa, reshen Ƙauran Namoda kuma yana bin hanyar da ta fi kowace cunkoson ɗalibai da ma'aikata a Zariya, wato ta Samaru da Shika. Sabon layi ba shi da abin da zai yi wa wannan hanya, domin ba can ya nufa ba.

Sai batun wanda ke da iko da jadawali. Sabon dogo an ci bashi ne an gina shi domin ya haɗa Legas da Kano, ya ɗauki kwantena daga tashar jiragen ruwa da fasinjan nesa mai biyan kuɗi da yawa. Jirgin da ke tsayawa kowane kilomita goma yana tare wa mai gudu hanya, saboda haka duk lokacin da jadawali ya matse, jirgin ma'aikata ne za a ce ya koma gefe ya jira. A tsohon layi, inda zirga-zirga ta yi ƙaranci, jirgin ma'aikata zai zama shi ne mai gida. Hanya ɗaya ce tilo, gaskiya ne, jirage biyu ba sa wuce juna sai a tasha mai layin ratse, amma ga jirgi uku ko huɗu da safe da irinsu da yamma wannan ya wadatar idan an kiyaye lokaci.

Legas ta riga ta gwada hanyoyi biyu da za mu iya dubawa. Shuɗin Layinta sabon gini ne gaba ɗaya, wani sashensa a kan gada, jiragensa masu lantarki ne daga ƙasar Sin, kuma sai da ya ci sama da shekara goma kafin a buɗe kilomita 13 na farko daga Marina zuwa Mile 2 a watan Satumba na 2023. Jan Layin kuwa, kilomita 27 daga Agbado zuwa Oyingbo, wanda Shugaba Bola Tinubu ya ƙaddamar a watan Fabrairu na 2024, ya bi hanyar dogon gwamnatin tarayya ne da ke nan tun da, jihar ta gina tashoshi da gadojin sama, ta kawo jirage, aikin ya kammala cikin 'yan shekaru. Jihar da kuɗin shigarta bai kama ƙafar na Legas ba ba ta da dalilin kwaikwayon Shuɗin Layi, balle ma jirgin lantarki a garin da wutar ke zuwa tana ɗaukewa. Jan Layin ya yi nasara ne saboda hanyar dogon da ya bi tana ratsa Agege da Ikeja da Oshodi da Yaba, inda jama'a suke, kuma a Zariya tsohon dogo ne ke da wannan siffa.

Idan an tsayar da shawara a kan tsohon layi, saura zaɓi na biyu, wanda a ganina ya fi na farkon saurin ɓata aiki idan aka yi kuskure: wane irin jirgi za a ɗora a kai. Akwai wanda muka saba da shi, kan jirgi ɗaya mai nauyi yana jan taragai a bayansa. Akwai kuma wanda ma'aikatan reluwe ke kira DMU, wato jerin taragai kaɗan da ke ɗauke da injinsu a jikinsu, da mazaunin direba a kowane ƙarshe. Irin wannan ba baƙo ba ne a ƙasar nan, domin a 2014 hukumar ta kawo guda biyu daga ƙasar Sin ta sa su jigilar fasinja a tsohon layin Legas.

Bambancinsu yana fitowa ne a ƙarshen tafiya. Idan jirgi mai kai ɗaya ya iso tashar ƙarshe, sai ma'aikaci ya sauka tsakanin kan jirgin da taragon farko ya kwance maƙalar da bututun birki, direba ya ja gaba ya wuce inda dogo ya rabu, wani ya juya makamin sauya layi da hannu, kan jirgin ya dawo da baya ta layin gefe har ya wuce taragai duka, a sake juya wani makamin, ya komo ya haɗu da taragon ƙarshe, a ɗaura, a gwada birki, sannan a busa usur. Wannan hidima tana cin minti goma sha biyar zuwa ashirin idan komai ya tafi daidai, kuma ba ta yiwuwa sai inda akwai layin gefe mai aiki. A jirgi mai inji a jikinsa kuwa, direba zai kashe na'urar wannan ƙarshe, ya taka zuwa ɗaya ƙarshen, ya tashi. A tafiyar Legas zuwa Kano minti ashirin ba a bakin komai suke ba, amma a tafiyar Sabon Gari zuwa Shika, wadda ita kanta ba za ta wuce rabin awa ba, sun kusa ninka lokacin. Haka kuma jirgi mai inji a jikinsa ya fi saurin ɗaukar gudu bayan tsayawa, ba ya shan mai kamar kan jirgin da aka ƙera domin jan taragan siminti, nauyinsa kuma a rarrabe yake a kan ƙafafu da yawa, abin da ke sauƙaƙa wa tsofaffin gadoji da kwalbatoci.

Jirgi mai kai ɗaya yana da nasa amfanin da bai kamata a raina ba. Hukumar tana da kawunan jirgi da taragai a hannu, makanikan Zariya sun san cikinsu da bayansu, idan injin ya lalace a hanya ana iya turo wani ya ja taragan, ranar kasuwa ko lokacin komawar ɗalibai kuma ana iya ƙara tarago biyu ko uku ba tare da wata wahala ba, har da na kaya domin buhunan masara da tumatir. Shi kuwa mai inji a jikinsa, idan ya lalace duk jerin ne ke kwanciya, kuma idan guda biyu kawai aka saya, ranar da ɗaya ya shiga gyara rabin jadawali ya tafi. Saboda haka na fi ganin a fara da abin da ke hannu a kan hanyar Kaduna, inda tafiyar ke da ɗan tsawo kuma akwai layin gefe a tashoshin biyu, a ga yawan fasinja na haƙiƙa, sannan a sayi masu inji a jikinsu domin hanyar Samaru da Shika da Giwa. Idan an tashi saye kuma, a saya iri ɗaya daga kamfani ɗaya, aƙalla uku domin biyu su yi aiki ɗaya ya huta, tare da kayan gyara na shekaru da horar da makanikai a cikin kwangilar. Cibiyar Fasahar Sufuri ta Najeriya tana nan a hanyar Basawa tun 1986, ga tsangayar injiniya ta Jami'ar Ahmadu Bello, saboda haka wurin horon ba abin nema ba ne.

Akwai jarabar sayen na hannu, kuma Legas ta yi hakan: a 2022 ta sayi jirage biyu ƙirar Talgo da aka ƙera wa jihar Wiskonsin ta Amurka amma ba su yi aiki a can ba, ta kuma kawo tsofaffin jiragen Ingila masu gudu waɗanda aka fara ƙerawa tun shekarun 1970. Dukkansu na faffaɗan dogo ne. Kasuwar jiragen hannu masu faɗin milimita 1,067 ta fi ƙanƙanta, kuma jirgin da aka ƙera domin sanyin wata ƙasa sai an sake masa matatar iska da na'urar sanyaya inji kafin ya jure ƙurar hunturu da zafin bazara.

Inda tsohon layi ya fi rauni shi ne tsaron rai a cikin gari. Shekarun da jirgi ya yi ba ya wucewa a kai a kai sun sa mutane sun mayar da dogo fili: mai kayan miya ta baza tirenta a kan ƙarfe, mai gwanjo ya rataye riguna a inda tarago zai goga, yara suna ƙwallo, 'yan acaɓa sun buɗe hanyoyin tsallakawa a inda suka ga dama, wasu ma sun yi gini a cikin filin hukuma. Jirgin da ke zuwa sau ɗaya a mako yana iya lallaɓawa yana busa ƙaho har a kwashe kaya, amma mai wucewa sau takwas a rana ba zai iya ba. Dole a sa shinge a inda gidaje suka matse, a sa ƙofa da mai gadi a kowace mahaɗar dogo da titi, a kuma nema wa masu kasuwar wani wuri kafin a tashe su, aikin da ba zai yiwu ba sai da masu unguwanni da hakimai da fadar Zazzau. Sabon layi ya tsira daga yawancin wannan matsala. Ta fuskar 'yan bindiga kuwa babu wanda ya tsira, domin harin ranar 28 ga Maris, 2022 a kan sabon layin Abuja aka kai shi, jirgin bai dawo aiki ba sai a watan Disamba na shekarar. Wannan ne ma ya sa nake ganin jirgin reshen Ƙauran Namoda ya tsaya a Shika da farko, ya ƙara zuwa Giwa idan hali ya yi, a bar maganar Funtuwa da Gusau sai hanya ta yi lafiya.

Na yi alkawarin komawa kan layin Jos. Abin da ya kashe shi shi ne aikinsa ɗaya ne tak, ɗaukar kuza zuwa teku, da aka sami wanda ya fi shi iya wannan aiki sai ya rasa dalilin zama. Tsohon dogonmu zai bi sahunsa idan aka bar shi yana takarar kayan Legas da sabon layi, takarar da ba zai ci ba. Aikin kai ɗalibi Samaru da kai ma'aikaci tsakiyar Kaduna kuwa babu mai ƙwace masa, kuma fasinja, saɓanin buhun kuza, da ƙafarsa yake sauka daga wannan jirgi ya hau wancan. Abin da zai iya sauya wannan hukunci shi ne idan gwamnatin tarayya ta yanke shawarar tumɓuke tsohon layin, ko ta ƙi ba jiha izinin amfani da shi na tsawon lokacin da zai sa kuɗin gyara ya fita. Gyaran tsarin mulkin 2023 ya ba jiha ikon yin nata jirgin, bai miƙa mata dogon hukuma ko tashoshinta ba.

Saboda haka takardar farko da ya kamata wakilanmu su nema ita ce yarjejeniya tsakanin Jihar Kaduna da Hukumar Jiragen Ƙasa, wadda za ta fayyace shekarun da jiha za ta yi tana amfani da layin daga Kaduna zuwa Zariya da reshen Shika, da wanda zai biya kuɗin gyaran dogo da albashin masu gadin mahaɗa, da yadda za a raba kuɗin tikiti. A cikinta ne kuma za a rubuta cewa idan sabon layi ya fara aiki za a haɗa tasharsa da ta Sabon Gari, ko da bas ne mai tashi daidai da isowar jirgi. Kuɗin tikiti shi ma a tsayar da ƙa'idarsa tun a takarda, ya kasance ƙasa da na mota a fili, da tikitin wata ga ma'aikata da na zango ga ɗalibai, gwamnatin jiha kuma ta sa cikon a kasafin kuɗinta na kowace shekara, domin jirgin jigilar ma'aikata a yawancin biranen duniya ba ya riƙe kansa da kuɗin tikiti kaɗai.